Akwatin Sarrafa Sautin Jita: Abin da Dala 100, Dala 200 da Dala 500 Ke Saya wa Makaɗi

Duk wanda ya taɓa jona jitar lantarki kai tsaye cikin mikisa (na'urar da ke haɗa sautukan kayan kiɗa ta tura wa sifikoki), ko a filin biki ko a majami'a, ya san irin sautin da ke fitowa. Siriri ne, busasshe, kuma da zarar an taɓa tsirkiya sai amon ya mutu tun kafin ya isa kunnen mutanen da ke zaune a baya. Abin da ke ba jita jiki da zaƙi yana zaune ne a tsakanin jitar da sifika, wato amfilifaya da ƙananan na'urorin da makaɗi ke takawa da ƙafa, waɗanda ake kira feda. Kamfanin Boss, wanda reshe ne na Roland na ƙasar Japan, tun 1977 yake fitar da ƙananan fedojinsa, kowace da aikinta guda: wata ta sa wa sauti kaushi, wata ta maimaita shi, wata ta ba shi amsa-kuwwa kamar ana kiɗa a cikin babban zaure. Matsalar wannan tsari ita ce kuɗi. Mafi arha a cikin fedojin Boss, irin su DS-1, ba ta kasa dala 60 ba a kasuwar Amurka, mai maimaita sauti ta kirki kuwa tana haura dala 150, kuma kafin mutum ya tara guda biyar, ya sayi wayoyin da za su haɗa su da abin ba su wuta, ya kashe abin da ya zarce kuɗin jitar kanta.

Akwatin sarrafa sauti mai tara ayyuka da yawa an yi shi ne don maganin wannan. Yana karɓar sautin jita ya mayar da shi lambobi, ƙwaƙwalwar lissafin da ke cikinsa ta kwaikwayi abin da fedoji da amfilifaya za su yi wa sautin, sannan ya mayar da shi sauti ya tura wa sifika. Zoom 505, wanda ya fito a 1996, shi ne ya fara sa irin wannan na'ura a hannun matasan da ba su da ƙarfi, sai kuma Line 6 ya fitar da jan POD ɗinsa mai siffar ƙwayar wake a 1998, wanda ya yi suna wajen kwaikwayon shahararrun amfilifayoyi masu bawul, wato ƙwayayen gilashin nan irin na tsofaffin akwatunan rediyo. Yau kasuwar ta cika, daga na ƙasa da dala 100 har zuwa na kusan dala 2,000. Na daɗe ina kaɗa jita a wuraren da wuta ba ta da tabbas kuma kayan sauti na haya ne, shi ya sa wannan sharhi zai fi tsayawa a kan guda uku da suka fi dacewa da aljihun yawancinmu: Zoom G1X Four, Boss GT-1 da Line 6 POD Go. Farashin da zan ambata na kasuwar Amurka ne, kuma kimantawa ce, domin yana hawa yana sauka.

Abu na farko da nake so mai saye ya cire daga ransa shi ne adadin da ake rubutawa a jikin kwali. Wani zai ce yana da nau'in sauti 70, wani 108, wani fiye da 200, kuma mai kanti zai nuna maka wannan lamba tamkar ita ce ma'aunin daraja. A aikace babu makaɗin da ke amfani da kashi ɗaya cikin goma na wannan tari. Mafi yawan abin da aka cusa a ciki, musamman shiryayyun sautukan da na'urar ke zuwa da su daga masana'anta, an tsara su ne don masu kiɗan rok da metal na Turai da Amurka, masu son ƙara mai tsananin kaushi. Jitar da ake kaɗawa a bukukuwan Agadas, irin wadda Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya, tana tafiya ne a kan tsirkiya ɗaya ɗaya da yatsu masu saurin gudu, da amo guda da ke ta gurnani a ƙasa. Jitar hailaif da ta sukus ta Kwango, wadda 'yan majami'u da makaɗan otal a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano suka gada, tsabtatacciya ce, mai ƙyalli, da ɗan maimaici a bayanta. Dukansu biyu abin da suke buƙata bai wuce biyar ko shida ba: kwamfiresa mai daidaita ƙarfin taɓi, ɗan kaushi mara yawa, koras mai faɗaɗa amo, maimaici, amsa-kuwwa, da kwaikwayon amfilifaya mai tsabta irin Fender Twin Reverb ko Roland JC-120. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce, waɗannan shida suna da kyau a cikin na'urar, kuma za ta iya ɗaukar su duka a lokaci guda?

A nan ne Zoom G1X Four ke nuna iyakarsa. Ya fito a 2019, ana sayar da shi a wajen dala 110 zuwa 120, ƙaninsa G1 Four wanda ba shi da fedar lilo (wadda ake lillawa da ƙafa don ƙara ko rage sauti) kuma yana ƙasa da haka da kusan dala 20. Yana da nau'in sauti fiye da 70, da kwaikwayon amfilifaya 13, da wurin adana shiryayyen sauti 50, amma biyar kacal yake iya kunnawa a tare. Kwaikwayon amfilifaya yana cin gurbinsa, na akwatin sifika ma yana cin nasa, don haka wanda zai shiga mikisa kai tsaye gurbi uku ne suka rage masa ko ƙasa da haka, kuma idan ya zaɓi masu nauyi ƙwaƙwalwar na'urar kan ce ta cika. Jikinsa na roba ne, mafitar sautinsa guda ce wadda belun kunne ma nan ake jona shi, kuma ramin USB ɗinsa na ba shi wuta ne da gyara saiti ta manhajar Guitar Lab, ba na ɗaukar kiɗa a kwamfuta ba.

Duk da haka ban san wata na'ura da ta fi shi amfani ga mai koyo ba. Yana ɗauke da salon ganga 68, yana da manaɗi na daƙiƙa 30 wanda mutum zai kaɗa zagaye guda ya bar shi yana maimaituwa, shi kuma ya hau kai da wani salon. Mai koyon da ba shi da abokin kiɗa, wannan ne abokinsa, kuma wata uku na zama da ganga da manaɗi yana gyara wa yaro lokaci fiye da shekara guda ta kaɗawa shi kaɗai. Batir huɗu ƙanana na AA suna riƙe shi har kusan awa 18 bisa ƙiyasin kamfanin, kuma fawa bankin waya ma yana tayar da shi. Ga ɗalibin da ke ɗakin haya, wanda ba ya son tayar da maƙwabta kuma ba ya iya jiran a kawo wuta, wannan ya wadatar. Dandali ne ba na ba shi shawarar hawa da shi kullum, domin roba ba ta jure takun da ake yi cikin zafin kiɗa shekara da shekaru.

Boss GT-1 ya girme shi, don tun 2016 yake kasuwa, kuma har yanzu farashinsa yana nan a wajen dala 200. Na'urar da ta shekara kusan goma ba a daina ƙera ta ba, a kasuwar da sabon abu ke fitowa kowane wata, akwai dalilin zamanta. Yana da nau'in sauti 108, da shiryayyun sauti 99 na masana'anta da wasu gurabe 99 na mai shi, da manaɗi na daƙiƙa 32, da fedar lilo, kuma nauyinsa kilo 1.3 ne, yana shiga aljihun jakar jita. An raba aikinsa rukuni rukuni, kowane rukuni da maɓallinsa mai haske a fuskar na'urar, ta yadda kaushi da amfilifaya da koras da maimaici da amsa-kuwwa duk za su yi aiki tare ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba. Wannan kaɗai ya raba shi da Zoom a wurin mai hawa dandali. Koras da maimaicin Boss kuwa tsofaffin hannu ne, daga gidan da ya ƙera JC-120 a 1975 suka fito, kuma a kunnena su ne mafi daɗi a duk wannan aji idan ana maganar sauti mai tsabta. Yana da mafita biyu, hagu da dama, kuma ana iya ɗaukar kiɗa da shi a kwamfuta ta USB.

Yana da nakasunsa. Allonsa ƙarami ne mara launi, maɓallan takawa uku ne kawai, biyu na sauya shiryayyen sauti sama da ƙasa, ɗaya kuma mai shi ya ba shi aikin da ya so. Kwaikwayon amfilifayoyinsa masu kaushi ya tsufa idan aka kwatanta da na yanzu, yana da wani ɗan tsini a sama wanda sai an rage shi da hannu. Ba ya karɓar abin da ake kira IR, wato hoton sautin akwatin sifika na gaske da aka ɗauka da makirfo aka adana a fayil, alhali wannan fasaha ce ta fi komai gyara sautin da ke shiga mikisa kai tsaye a 'yan shekarun nan. Sannan ba ya zuwa da adafta a cikin kwali, sai an saya daban. Amma yana aiki da batir AA huɗu na kusan awa 7, kuma a wurina wannan ya rufe rabin nakasun.

Ya kamata in daɗe a kan maganar wuta, domin masu sharhi na ƙasashen waje ba sa ɗaukar ta da muhimmanci, mu kuwa ita ce ke yanke hukunci. Na'urar dijital kwamfuta ce ƙarama. Idan wuta ta ɗauke ko janareta ya yi tari, ba ta dawowa nan take kamar fedar gargajiya, sai ta sake tashi daga farko, kuma daƙiƙun nan da take ɗauka a tsakiyar waƙa suna da tsawo ƙwarai ga wanda ke tsaye gaban jama'a. Bayan haka akwai gurnanin da ke shiga sauti idan jita da mikisa da fitilu duk suna shan wuta daga inji guda wanda ba a haɗa shi da ƙasa ba, kuma jita mai siraran maganaɗisun ɗaukar sauti irin Stratocaster, wadda ita ce aka fi riƙewa a yankinmu, ta fi kowace kwasar wannan gurnani. Na'urar da ke kan batir ta yanke hanya guda daga cikin hanyoyin da gurnanin ke bi. Sau da yawa na cire adafta na koma batir a tsakiyar gwajin sauti, ƙarar ta ragu ƙwarai ba tare da an taɓa komai a mikisa ba.

Akwai kuma haɗarin adaftar aro. Yawancin kayan jita, ciki har da na Boss da Zoom, suna cin bolt 9 ne, kuma tsakiyar bakin wayarsu nagatif ce, akasin adaftocin dikoda da na'urar intanet na gida waɗanda galibi bolt 12 ne masu fozitif a tsakiya. Bakin yakan shiga daidai, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Akwatina na farko, wanda na tara kuɗinsa wata da watanni, a haka ya ƙone a wani wurin biki, lokacin da na manta da adaftata aka miƙo mini wata daga cikin jakar mai kayan sauti, ban duba zanen da ke jikinta ba na jona. Wari kawai na ji, allon bai sake haske ba. Tun daga ranar nake ɗaure adafta a jikin jakar na'ura da igiya, kuma nake lissafa kuɗin adafta ta asali da ƙaramin sitabilaiza a cikin farashin duk akwatin da zan saya.

Line 6 POD Go wani mataki ne daban. Ya fito a 2020 a kan dala 450, daga baya ya matsa zuwa wajen dala 500. Kamfanin Line 6 na Kalifoniya ne, amma Yamaha ta saye shi a 2014, kuma abin da ya sa POD Go ya yi daraja shi ne yawancin sautukansa an ɗebo su ne daga Helix, babbar na'urar kamfanin da ta fito a 2015 a kan kusan dala 1,500. Wato makaɗi yana samun kwaikwayon amfilifaya na babban aji a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Bambancin yana jiyuwa tun a taɓin farko, musamman a tsakanin tsabta da kaushi, inda idan ka taɓa tsirkiya a hankali sautin ya fito garau, idan ka danne ta ya ɗan fashe. Wannan amsawa ga nauyin hannu ita ce ruhin jitar Sahara, kuma ita ce ƙananan na'urori suka fi kasawa a kai, domin su sukan ba ka tsabta zalla ko kaushi zalla.

Yana da allo mai launi na inci 4.3 wanda ke nuna jerin na'urorin da sauti ke bi, da maɓallan takawa takwas masu zoben haske, da gurabe 256 na adana sauti, kuma yana karɓar IR har 128. A bayansa akwai mafita ta musamman zuwa mikisa da wata daban zuwa amfilifaya, ta yadda makaɗi zai tura cikakken sauti ga manyan sifikoki, shi kuma ya riƙa jin kansa a amfilifayar da ke bayansa. Akwai kuma ramukan shigar da fedar waje cikin jerin. Abin da na fi yabawa shi ne tsarin da suke kira Snapshots. A yawancin irin waɗannan na'urori, idan aka sauya daga wani shiryayyen sauti zuwa wani, akan sami ɗan yankewa, kuma jelar maimaici takan gutsure. Da wannan tsari mutum zai shirya yanayi huɗu a cikin sauti guda, na rakiya, na amshi, na fitowa shi kaɗai da na shiru-shiru, ya riƙa tsallakawa tsakaninsu ba tare da ko ɗigon yankewa ba. Wanda ke kaɗa wa mawaƙa a majami'a, inda waƙa ke tashi daga sanyi ta hau sama ta dawo ba tsayawa, zai gane darajar wannan a ranar farko.

Iyakarsa ita ce jerin sautinsa layi ɗaya ne, kuma gurabe shida daga cikin goma an riga an ƙayyade aikinsu, huɗu ne kawai aka bar wa mai shi ya zuba abin da ya so. Buƙatun da na lissafa a sama, ban da amfilifaya, biyar ne, don haka sai an haƙura da ɗaya. Babbar damuwata da shi ita ce ba ya aiki da batir, kuma adaftarsa ta musamman ce mai ba da fiye da amfiya 2, ba irin wadda za a samu a kowane kanti ba. Wanda zai saye shi don yawon biki ƙauye ƙauye ya tanadi ƙaramin batirin ajiya mai fitar da wutar gida. Wanda dandalinsa a wuri guda yake, ko mai ɗaukar kiɗa a situdiyo, wannan ba zai dame shi ba.

Tsakanin GT-1 da POD Go akwai fili mai faɗi, kuma a nan kasuwar ta fi zafi yanzu. Boss ME-90, wanda ya fito a 2023 a kan kusan dala 350, shi ne na fi so ga wanda ba ya son shiga cikin jerin zaɓuɓɓuka a allo. Kusan komai a jikinsa maɓallin murɗawa ne kamar fedojin gargajiya, abin da ka gani shi ne abin da kake ji, kuma idan sauti ya yi tsini a tsakiyar wasa sai ka sunkuya ka murɗa ka miƙe. Yana da maɓallan takawa takwas, da sabon tsarin kwaikwayon amfilifaya da aka ɗauko daga babban GT-1000, yana karɓar IR, kuma har yanzu yana aiki da batir AA huɗu. Kamfanonin Sin kuma sun shigo da ƙarfi: NUX MG-30 a wajen dala 300, Valeton GP-200 a wajen dala 350, da ƙanana irin su Mooer GE150 da Valeton GP-100 a wajen dala 150. A takarda suna ba da fiye da abin da Japanawa da Amurkawa ke bayarwa a kuɗi ɗaya. GP-200, alal misali, jikinsa ƙarfe ne, yana da allo mai launi, da mafitar XLR irin ta makirfo wadda ke tafiya da doguwar waya zuwa mikisa ba ta kwashi ƙara ba, abin da POD Go ma ba shi da irin bakinsa. Sautinsu ya inganta ƙwarai, kuma wanda ya raina su don sunan ƙasar da suka fito ya yi kuskure. Inda tsofaffin kamfanoni suka fi su shi ne daɗewar suna, wanda ke sa na hannu ya riƙe daraja idan an tashi sayarwa, da kuma tarihin sabunta manhajar ciki kyauta, wanda Line 6 ya yi fice a kai: HX Stomp, da ya fito a 2018 yana ɗaukar gurabe shida, sabuntawa ce ta mayar da shi takwas ba tare da masu shi sun biya ko sisi ba.

Manyan kuwa ba zan daɗe a kansu ba. Helix, da Fractal FM9 na Amurka, da Kemper na Jamus, da Quad Cortex na kamfanin Neural DSP na Finlan, duk suna tsakanin dala 1,500 da 2,000 ko kusa da haka. Kemper, tun 2011, shi ya kawo dabarar sauraren amfilifaya ta gaske a kwafe halinta cikin fayil, Quad Cortex ya bi da irin tasa dabarar da allon taɓawa na inci 7. Kayan ƙwarai ne, babu musu. Sai dai abin da ƙarin dala dubu ke saya galibi shi ne yawan ramuka a baya, da ikon tafiyar da amfilifaya biyu ko kayan kiɗa biyu a lokaci guda, da jiki mai jure tafiyar jirgi, da hanyoyin haɗuwa da kayan babban dandali. Tazarar sauti tsakanin dala 120 da dala 500 babba ce, kowa zai ji ta. Tazarar da ke tsakanin dala 500 da dala 1,700 ƙarama ce, kuma idan sautin zai fita ne ta sifikokin haya da suka sha rana da ƙura, ba na jin akwai mai sauraro ɗaya a filin da zai bambance.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da ya fi ɓata wa mutane kuɗinsu, wanda ba laifin na'ura ba ne. Akwatin da ke kwaikwayon amfilifaya da akwatin sifika an tsara shi ne ya shiga mikisa ko sifika mai fitar da kowane amo daidai. Idan aka jona shi a gaban amfilifayar jita ba a kashe wannan kwaikwayo ba, sauti ya bi ta amfilifaya biyu da sifika biyu ke nan, sai ya fito a toshe kamar an rufa masa bargo. Idan kuma aka kashe kwaikwayon sifika aka shiga mikisa, kaushin sai ya koma kamar kukan zuma a cikin gwangwani. GT-1 yana da wurin da ake gaya masa inda sautinsa zai fita, sauran ma suna da makamancinsa, kuma mutane da yawa sun sayar da na'ura mai kyau da asara alhali saiti guda ne ba su taɓa ba. Haka nan sautin da aka shirya da belun kunne cikin dare yakan yi tsini da yawan amsa-kuwwa idan aka ɗaga shi a dandali, domin kunne yana jin sama da ƙasan amo fiye da kima idan ƙara ta ƙaru. A shirya sauti a irin ƙarfin da za a kaɗa shi, a rage amsa-kuwwa zuwa rabin abin da ya yi daɗi a ɗaki, a ƙara tsakiyar amo don jita ta ratsa tsakanin ganga da fiyano.

Game da abin da zai fita daga aljihu a nan gida, farashin dala rabin labari ne. Tun da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, don haka na'urar da ba ta ƙara ko dala ɗaya a Amurka ba ta ninka sau uku a Legas, kafin a ɗora kuɗin jigila da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Makaɗan Nijar sun fi samun sauƙin lissafi, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan kusan 656. Wannan ne ya sa na hannu ya zama hanyar da yawancin mutane ke bi, ko daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga hannun wani makaɗi. Wanda zai sayi na hannu ya je da jitarsa da wayarsa da belun kunnensa. Ya taka kowane maɓalli sau da yawa ya ga ko akwai mai tsallake, ya lilla feda daga ƙasa har sama yana kallon lambar da ke allo ta tashi daga sifili ta kai ƙarshe, ya girgiza waya a cikin kowane rami ya saurari ƙarar ƙwas-ƙwas, ya buɗe gidan batir ya duba ko tsohon batir ya taɓa zuba a ciki. Maɓallin takawa da ramin waya mai gyaran rediyo na iya canza su da kuɗi kaɗan. Allon da ya fara zane ko na'urar da ke mutuwa ta tashi da kanta kuwa, a bar ta komai arharta, don kayan gyaranta ba a kusa suke ba.

Idan aka tambaye ni wanne zan saya, amsata ta danganta da inda mutum ke kiɗa. Mai koyo ya ɗauki G1X Four ya zauna da gangarsa da manaɗinsa. Wanda ke da dandali tsayayye da wuta mai ɗan tabbas, kuma yana shiga mikisa kai tsaye, POD Go ya cancanci kuɗinsa, kuma ba zai buƙaci wani ba na shekaru masu yawa. Amma ga makaɗin da yau yana nan gobe yana can, wanda bai san irin injin da zai tarar ba balle irin sifikar, Boss mai batir nake ba shi shawara, ME-90 idan kuɗin sun kai, GT-1 idan ba su kai ba. Ni kaina da dala 500 a hannu, zan sayi GT-1 ko ME-90, ragowar in zuba su a ƙaramar sifika mai wutarta ta jin kai a dandali, da wayoyi biyu masu kauri, da batura masu caji guda takwas, huɗu a ciki huɗu a aljihu.